Yadda Za Ka Samu Likitan Haƙori a Ƙasar da Ba Ka Jin Harshenta

Wanda ya koma wata ƙasa da zama, don karatu ko aiki ko aure, yakan fara da neman gida, ya buɗe asusun banki, ya sayi layin waya. Likitan haƙori ba ya faɗo masa a rai sai daren da turmi ya hana shi runtsawa. A irin wannan dare kuwa mutum ba shi da zaɓi. Duk ƙofar da ta buɗe ita zai faɗa, duk kuɗin da aka yanka masa zai biya, kuma sau da yawa haƙorin da za a iya cetowa sai a cire shi don kawai an kasa fahimtar juna. Na zauna a ƙasashen da Ingilishi ba shi ne harshen gari ba, na nemi likita don kaina da iyalina, na kuma raka baƙi da dama. Hanyar da nake bi ke nan zan shimfiɗa maka. Ka nemi likitan tun kana lafiya, ka gwada shi da ƙaramin aiki, kada kuma ka yarda a yi babban aiki a bakinka sai an rubuta shi a takarda ka karanta ka gane.

Abin da za ka tanada

Katin inshorar lafiyarka da takardar da ta bayyana abin da inshorar ke biya. Fasfo ko katin izinin zama. Sunayen magungunan da kake sha, da ainihin sunan sinadarin, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa: abin da kusan duk duniya ke kira farasitamol, a Amurka asitaminofen ake ce masa. Idan kana da tsofaffin hotunan haƙori, ka roƙi tsohon likitanka ya turo maka su ta imel. Waya mai manhajar fassara, kuma ka sauke harshen ƙasar a kanta don ta yi aiki ko babu intanet.

Sai abu mafi muhimmanci, wanda mutane da yawa ba sa yi: takarda guda ɗaya, da Ingilishi a gefe ɗaya da harshen ƙasar a ɗaya gefen, mai ɗauke da tarihin lafiyarka. Ka rubuta ko kana da ciwon suga, hawan jini, sikila, ciwon zuciya, ciwon hanta ko farfaɗiya. Mace ta rubuta idan tana da juna biyu ko tana shayarwa. Ka rubuta maganin da jikinka ba ya karɓa, musamman fenisilin. Idan kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronet, ka sa shi a layin farko, domin waɗannan suna sauya yadda ake cire haƙori gaba ɗaya. Wannan takardar kada ka bar wa manhaja ita kaɗai. Ka samu ɗan ƙasar ya duba maka fassarar.

1. Ka san abin da inshorarka ke biya kafin ka nemi kowa

Babban kuskuren baƙo shi ne zaton cewa tunda yana da inshorar lafiya, haƙori ma yana ciki. A ƙasashe da yawa an ware baki daga sauran jiki wajen biyan kuɗi, kuma kowace ƙasa da nata tsarin.

A Holan, inshorar dole tana ɗaukar nauyin haƙoran yara har zuwa shekara 18, amma babba sai ya sayi ƙarin inshora ko ya biya daga aljihunsa. A Suwizalan inshorar dole ba ta biyan aikin haƙori na yau da kullum. A Sifaniya asibitin gwamnati zai cire wa babba haƙori, ya duba shi idan abu ya yi tsanani, amma ciko da sauran gyare-gyare galibi sai a asibiti mai zaman kansa. A Japan inshorar ƙasa tana biyan kashi 70 cikin ɗari na aikin da ta amince da shi, kai ka biya kashi 30, sai dai dashen haƙori, wato kafa ƙarfe a muƙamuƙi a ɗora haƙori a kai, da wasu kayan ƙawa ba sa ciki.

Jamus tana da nata salon da ya kamata baƙo ya sani tun makon farko. Inshorar gwamnati tana biyan dubiya sau biyu a shekara, da kankare dattin da ya daskare sau ɗaya, da ciko na gama-gari. Idan aka zo kan hular haƙori (murfin da ake rufe haƙori da shi) ko gada (haƙorin da ake maƙalawa a jikin na kusa don cike giɓi) ko haƙorin roba, kashi 60 cikin ɗari na kuɗin aikin gama-gari take bayarwa. Amma akwai ɗan littafi da ake kira Bonusheft, wanda likita ke buga wa hatimi duk shekarar da ka je dubiya. Shekara 5 a jere, tallafin ya koma kashi 70; shekara 10, ya koma 75. Baƙo ya nemi littafin nan tun a zuwansa na farko. A Faransa kuma, tun watan Oktoban 2023 inshorar gwamnati ta rage abin da take mayarwa kan aikin haƙori daga kashi 70 zuwa 60, ragowar sai inshorar ƙari da suke kira mutuelle. Akwai kuma tsarin 100% Santé, wanda ya fara aiki kan hula da gada a 2020, inda mai wannan inshorar ƙari zai iya zaɓar wasu nau'o'in kaya ba tare da ya ciro ko kwabo ba.

Ba na so ka haddace waɗannan. Na kawo su ne don ka ga cewa ba a yin hasashe a wannan fage. Ka kira kamfanin inshorarka, ko ka rubuta musu, ka yi tambaya huɗu: wane aiki kuke biya kuma kashi nawa, akwai iyakar kuɗi a shekara, dole ne in je wurin likitan da ke cikin jerinku, sannan ku ke biyan likita kai tsaye ko ni zan biya ku mayar mini? Idan za ka sayi inshorar ƙari, ka tambayi tsawon lokacin jira. Da yawansu ba sa biyan babban aiki sai bayan wasu watanni, kuma ba sa biyan haƙorin da likita ya riga ya rubuta cewa yana da matsala. Saboda haka, idan ka yi niyyar saye, ka saya kafin dubiyar farko. Inshorar tafiya da ka shigo da ita kuwa, yawanci kashe zafi na gaggawa kaɗai take biya.

2. Ka tara sunaye uku zuwa biyar

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Baƙon da ya shekara biyar a garin ya fi wanda ya zo bara, kuma wanda aka yi wa babban aiki ya fi wanda aka wanke wa haƙori kawai. Idan wani ya ce maka likitansa nagari ne, ka tambaye shi me ya yi masa, yaushe, kuma aikin yana nan lafiya? Fara'a da kyakkyawar tarba suna da daɗi, amma ba su ne ke nuna cewa ciko zai shekara goma ba. Ka kuma tambayi 'yan ƙasar da kuke aiki ko karatu tare, domin su ne suka san likitan da unguwa ta yarda da shi tun iyaye. Ma'aikatan kantin magani da likitanka na yau da kullum su ma suna da masaniya sosai, kuma ba safai ake tunawa da su ba.

Ofisoshin jakadancin Amurka da Birtaniya suna wallafa jerin asibitoci da likitocin da ke jin Ingilishi a ƙasashe da dama, kuma kowa na iya dubawa a intanet ko ba ɗan ƙasarsu ba ne. Su da kansu suna rubuta cewa jerin ba shaidar inganci ba ne, don haka ka ɗauke shi a matsayin mafari. Ɗalibi ya leƙa ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'arsa, ma'aikaci ya tambayi ofishin kula da ma'aikata.

Akwai kuma shafukan kama layi. Doctolib yana aiki a Faransa da Jamus da Italiya, kuma za ka iya tace likitoci da harshen da suke ji. Doctoralia yana Sifaniya da Meziko da Barazil. A Turkiyya ana kama layin asibitocin haƙori na gwamnati ta manhajar MHRS ko ta kiran lamba 182. Idan za ka bincika a taswirar waya, ka rubuta da harshen ƙasar: Zahnarzt a Jamus, dentiste a Faransa, tandarts a Holan, dentista a Sifaniya da Italiya da Fotugal, diş hekimi a Turkiyya. Idan ka rubuta da Ingilishi, asibitocin da ke farautar baƙi ne za su fara fito maka, kuma su ne suka fi tsada.

Ra'ayoyin da mutane ke rubutawa ƙarƙashin sunan asibiti, ka fara da na masu ƙorafi. Ƙorafi kan jinkiri ko ɗaure fuskar mai karɓar baƙi ba ya damuna. Wanda ke tsayar da ni shi ne in ga mutum uku daban-daban sun ce an ƙara musu kuɗin da ba a faɗa ba, ko an matsa musu su yi aikin da wani likita ya ce ba sa buƙata.

Ka duba nisa. Kashe jijiyar haƙori da sa masa hula na iya kai ka asibiti sau uku ko huɗu, a Japan ma an saba rarraba aiki zuwa gajerun ziyarori masu yawa. Likitan da sai ka yi tafiyar awa biyu, wata rana za ka gaji ka bar aikin a tsakiya, kuma haƙorin da aka buɗe aka bari ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari.

3. Ka tabbatar yana da lasisi

Wannan minti biyar ne. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke rajistar likitocin haƙori. A Holan rajistar BIG ce, a Birtaniya hukumar GDC, a Dubai hukumar lafiya ta DHA, a Saudiyya hukumar SCFHS. A Sifaniya kowane likita yana da lambar ƙungiyar likitoci ta lardinsa, a Faransa da Jamus ma akwai majalisun likitocin haƙori da ake iya tuntuɓa. Sunan likitan da zai taɓa ka za ka bincika, sunan asibitin bai wadatar ba. Asibitin da ya kasa faɗa maka sunan wanda zai yi maka aiki, ka soke shi daga jerinka.

4. Ka tuntuɓe su, ka auna Ingilishin da kanka

Rubutun da ke shafin asibiti cewa suna jin Ingilishi yana iya nufin abubuwa da yawa. Wani wuri likitan ne ke ji, mai karɓar waya ba ta ji. Wani wuri mai karɓar waya ce ke ji, likitan kuwa gaisuwa kaɗai ya iya. Wani wurin likita ɗaya ne cikin shida, kuma ranar Talata kawai yake zuwa. Don haka ka aika gajeren saƙo da harsuna biyu: ni sabon zuwa ne, ga irin inshorata, ina son dubiya, wane likita ne a cikinku zai iya yi mini bayani da Ingilishi, kuma kuna karɓar sababbin marasa lafiya? Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin a biranen Turai da dama asibiti yakan rufe rajista idan ya cika.

Idan saƙo bai samu amsa ba, ka taka da ƙafarka lokacin da ba cunkoso, ka nuna rubutun a waya. Na ga wuraren da suka ce babu gurbi ta waya, amma da mutum ya tsaya gabansu cikin ladabi sai gurbi ya samu. Zuwan kuma zai ba ka damar ganin tsaftar wurin.

Ka tambayi ƙa'idarsu kan soke alƙawari. A Jamus da Holan da wasu wurare, wanda bai zo ba kuma bai sanar da kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci ba, ana iya aiko masa da takardar biyan kuɗi, kuma inshora ba ta biyan wannan.

Wata magana da nake so ka riƙe: iya Ingilishi da iya aiki abubuwa biyu ne daban. Baƙo yakan ji daɗin samun wanda ya fahimce shi har ya manta da auna sauran abubuwa. Likitan da Ingilishinsa ke ɗingishi amma yana ɗauko madubi ya nuna maka, ya zana maka a takarda, ya jira ka gyaɗa kai, ya fi mini wanda bakinsa ke zuba amma hannunsa na gaggawa.

5. Ziyarar farko: dubiya da wanki kawai

Ka je da minti goma sha biyar na rara, domin akwai fom da za a cike, kuma takardar tarihin lafiyarka a nan za ta yi maka rana. Kada ka sa hannu kan abin da ba ka karanta ba. Ka ɗora kyamarar manhajar fassara a kai, ko ka nemi a ba ka ka tafi da shi gida.

Da ka shiga ɗaki, ka sa ido. Kayan aikin ƙarfe ya kamata a farke su daga leda a gabanka. Ledar tana da alamar da ke sauya launi idan an dafa kayan a tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta. Likita ya sa sabon safar hannu, kuma idan ya taɓa waya ko ƙofa ya canza. Wannan ba tsirfa ba ce, ciwon hanta nau'in B da C suna bin jini, baki kuwa wuri ne mai saurin fitar da jini. Idan ka ga abin da hankalinka bai kwanta da shi ba, kana da ikon tashi ka tafi.

Likitan kirki zai karanta tarihinka, ya duba haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya auna dasashi da ɗan siririn ƙarfe, ya duba harshe da cikin kumatu. Idan zai ɗauki hoto zai gaya maka dalili. Kafin ya fara komai, ku yi yarjejeniya kan alamar tsayawa, misali ɗaga hannun hagu, domin da kayan aiki a baki ba ka iya magana da kowane harshe.

A wannan ziyara kada ka yarda da babban aiki, sai in ciwo ne ya kawo ka. Idan ka shiga lafiya lau aka ce haƙora takwas na buƙatar ciko yau-yau, ka yi godiya, ka nemi hoton da bayanin a rubuce, ka fita. Yana iya zama gaskiya, amma gaskiyar ba za ta lalace cikin mako ɗaya ba. Haka nan idan aka ce sai an cire maka tsofaffin ciko masu launin azurfa. Tarayyar Turai ta hana sa sabon irin wannan ciko tun 1 ga Janairun 2025, sai in likita ya ga dole, amma dokar ba ta ce a tono wanda ke zaune lafiya a bakin mutum ba. Duk ciko da aka tono, sai an ɗan ci lafiyayyen haƙori tare da shi.

6. Babban aiki: sai da takarda

Hula, gada, kashe jijiya, dashe, daidaita haƙora da waya, duk waɗannan sai an ba ka tsarin aiki a rubuce. A Faransa ana kiran takardar devis. A Jamus Heil- und Kostenplan ce, kuma ga mai inshorar gwamnati dole inshorar ta amince da ita kafin a fara hula ko gada. Amincewar tana aiki wata shida. Wanda ya bari aka fara kafin amsa ta zo, yana iya rasa tallafin. Ko a ƙasar da doka ba ta tilasta ba, ka nema. Takardar ta nuna wane haƙori, me za a yi masa, da wane irin kaya, ziyara nawa, jimillar kuɗi, da kason da zai faɗo kanka.

A nan dole ka iya karanta lambobin haƙora. Yawancin duniya suna amfani da lamba biyu. An raba baki gida huɗu: 1 sama dama, 2 sama hagu, 3 ƙasa hagu, 4 ƙasa dama, kuma dama da hagun naka ne, kai mai bakin. Lamba ta biyu tana ƙirga haƙori daga tsakiyar gaba zuwa ƙurya, daga 1 zuwa 8. Ke nan 36 shi ne turmin farko na ƙasa a hagu. Amurka kuwa tana ƙirgawa ne daga 1 zuwa 32 a jere, kuma wannan haƙorin a wurinsu 19 ne. Lamba 16 a Turai turmin farko ne na sama a dama, a Amurka kuma haƙorin ƙurya ne na sama a hagu. Idan tsofaffin takardunka daga wani tsarin suke, ka faɗa wa likita. Ranar aiki kuma, musamman ranar cirewa, ka ɗauki madubi ka nuna haƙorin da yatsa, shi ma ya nuna, ku tabbatar abu ɗaya kuke nufi.

Tambayoyin da nake yi kullum su ne: me zai faru idan na jira wata shida, akwai hanya mafi sauƙin kuɗi, kuma wace ce inshora ke biya, za a iya ceton haƙorin maimakon cirewa, sannan idan aikin ya lalace wa zai gyara? A Jamus doka ta ɗora wa likita garantin shekara biyu kan ciko da hula ga masu inshorar gwamnati. Tambayar farko ita ta fi tona asiri. Likita mai gaskiya zai ce maka wannan na iya jira, wancan ba zai jira ba. Wanda komai a wurinsa gaggawa ne, ko ya ce rangwamen na yau kaɗai ne, ka yi nesa da shi.

Idan kuɗin na da nauyi, ka kai hoton da takardar wurin likita na biyu daga jerinka. Kada ka fara nuna masa abin da na farko ya ce, ka bari ya faɗi nasa tukuna. Ba cin fuska ba ne, likitoci sun saba. Kada kuma ka biya kuɗin aiki gaba ɗaya tun ba a fara ba. Ka biya mataki-mataki, ka karɓi rasit mai bayanin kowane aiki, domin da shi inshora za ta mayar maka.

Game da dashe, ka auna zamanka a ƙasar. Bayan an kafa ƙarfen a muƙamuƙi akan jira wata uku zuwa shida kafin a ɗora haƙori a kai. Wanda izinin zamansa zai ƙare nan da wata huɗu, gara ya jira ya fara a inda zai zauna.

7. Idan babu mai jin Ingilishi, ko kuɗi sun yi kaɗan

A ƙananan garuruwa hakan na faruwa. Ka je da tafinta babba wanda ka amince da shi, ka roƙe shi ya fassara duk abin da aka faɗa ba tare da taƙaitawa ba. Kada ka mai da ɗanka ƙarami tafinta, ko da ya fi ka jin harshen. Nauyin ya fi ƙarfinsa, kuma ba zai san kalmomin asibiti ba. In babu kowa, ka rubuta bayanin ciwonka tun daga gida da gajerun jimloli, don manhaja ta fi fassara gajeren zance daidai: wane haƙori, tun yaushe, sanyi ke tayar da shi ko zafi ko tauna, zafin yana wucewa nan take ko yana daɗewa, yana tashinka daga barci? Amsoshin nan su ne rabin binciken likita.

Asibitin koyarwa na jami'a mafita ce mai kyau ta fuska biyu. Malamai da ɗalibai galibi suna jin Ingilishi, kuma aikin da ɗalibi ya yi ƙarƙashin idon malami yakan fi araha. Abin da za ka biya shi ne lokaci, domin kowane mataki sai malami ya duba.

8. Idan ciwo ya riga ka

Ka nemo lambar likitan haƙori na gaggawa a garinku yau, ka adana a waya. A Jamus likitoci suna karɓa-karɓa a ƙarshen mako da ranakun hutu, ana kiran tsarin zahnärztlicher Notdienst. A Ingila ana kiran 111. A wurare da yawa, idan ka kira asibitinka bayan an tashi, saƙon da aka naɗa zai gaya maka inda za ka je. Wannan ma wata riba ce ta yin rajista tun da wuri: asibiti yakan ajiye gurbin safe don mutanensa da ciwo ya kama.

Kafin ka samu ganin likita, farasitamol da ibufurofen suna rage zafi. Babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu su tambayi likita ko mai kantin magani kafin su sha ibufurofen. Kada ka ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake yi. Kada ka sha ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke jakarka, domin yana iya kwantar da kumburi na ɗan lokaci amma ruɓar tana nan cikin haƙori. Kada kuma ka sa a aiko maka da maganin zafi mai ƙarfi irin su kodin ko taramol daga wata ƙasa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Japan da wasu wurare wannan na iya kai mutum ga hukuma.

Akwai alamun da ba a jiran likitan haƙori a kansu. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau zuwa ido, da zazzaɓi, da wahalar haɗiya ko numfashi ko buɗe baki: wannan sashen gaggawa na babban asibiti za ka nufa, ko da tsakar dare ne. A ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya lambar ita ce 112.

Idan haƙorin babba ya fita ɗungurungum saboda faɗuwa ko duka, ka riƙe shi ta kansa, kada ka taɓa saiwar. In ya yi datti ka ɗauraye shi kaɗan da madara, ka mayar da shi raminsa, ka ciji tsumma mai tsafta. In ba za ka iya ba, ka sa shi cikin madara ka garzaya, a so a kai cikin awa ɗaya. Haƙorin yarinta kuwa ba a mayar da shi, don kada ya lalata na dindindin da ke ƙasa.

9. Ka riƙe takardunka

Duk hoton da aka ɗauka, ka nemi kwafinsa a imel tun ranar. Idan an yi maka dashe, ka karɓi katin da ke nuna kamfanin da ya ƙera ƙarfen da girmansa, domin kowane kamfani da irin sukurorinsa, kuma likitan wata ƙasa ba zai iya gyara abin da bai san samfurinsa ba. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta ba ka ikon karɓar kwafin fayil ɗinka, kuma a watan Oktoban 2023 kotun Tarayyar ta yanke hukunci, a wata shari'a tsakanin majinyaci da likitan haƙori a Jamus, cewa kwafin farko kyauta ne. Idan za ka bar ƙasar, ka je dubiya wata biyu ko uku kafin tafiya don a samu lokacin kammala abin da aka gani, ka nemi taƙaitaccen bayani da Ingilishi, sannan ka tura wa inshora duk rasit ɗin da ba ta biya ba kafin ka rufe asusun banki.